Ƙarin Gini a Gidan Katsina: Yadda Ake Haɗa Fasalin Gabas da na Yamma Gida Ya Zaunu

Wanda ya saba zagaya sababbin unguwannin Katsina, daga bayan Ƙofar Ƙaura har gidajen da ke bin hanyar Dutsin-ma da ta Daura, ya san irin ƙarin ginin da ake yi a 'yan shekarun nan. Mutum ya samu buɗi, iyali sun ƙaru, sai ya cinye rabin tsakar gida ya tayar da falo mai ginshiƙai irin na Rumawa, ya ɗora masa 'yar ƙubba irin wadda ya gani a Dubai, ya kafa gilashi tun daga ƙasa har sama kamar yadda ya gani a hoton wani gidan Turai. Da zarar watan Afrilu ya kama, ɗakin nan da aka kashe wa dukiya ba ya shiguwa tun daga azahar har bayan isha'i, sai ka tarar da maigidan a kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida yana jiran a kawo wuta. Abin yana damuna ƙwarai, domin guminsa ne ya zuba, kuma da an bi hanyar da ta dace da kuɗin nan sun saya masa sanyi da sutura da kyan gani gaba ɗaya.

Aro ba laifi ba ne, kuma Katsina ta daɗe tana yin sa ta hannun fatake da malamai da alhazai. Ita kanta darbejiyar da ake fakewa a inuwarta asalinta daga Indiya take. Inda ake kuskure shi ne a ɗauko kamannin abu a bar dalilinsa a can. Kowace dabarar gini, ta Masar ce ko ta Japan ko ta Jamus, wata matsala ce ta haife ta, don haka wanda zai aro ta sai ya fara tambayar kansa ko yana da wannan matsalar a gidansa. A wannan jagorar, idan na ce Gabas ina nufin hikimar ginin Masar da Hijaz da Iran da Indiya da Japan, idan kuma na ce Yamma ina nufin ginin zamani na Turai da Amurka mai kankare da ƙarfe da gilashi da lissafin injiniya. Daga Yamma za mu ɗauki ƙashin gini da jijiyoyinsa, daga Gabas mu ɗauki inuwa da iska da kare ido, shi kuwa tsarin gidan Hausa shi ne mai masauki, shi zai nuna wa kowane baƙo inda zai zauna.

Mataki na farko: ka zauna da gidan kafin ka taɓa shi

Kafin a kira kowa, maigida ya ɗauki mako guda yana lura da gidansa da takarda a hannu. Ya rubuta inda inuwa take da hantsi da inda take komawa da la'asar, bangon da ya fi ɗaukar zafi, inda ruwa ke kwanciya da damina, da hanyar da baƙo namiji ke bi daga ƙofa zuwa inda ake saukar da shi. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa. Iskar hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas take busowa. Iskar damina mai laushi kuwa daga kudu maso yamma. Ranar la'asar da ke dukan bangon yamma ita ce babbar abokiyar gabar duk wani ɗaki. Wani tsohon magini da ya yi mana aiki ya taɓa jan hannuna bayan magariba ya ɗora tafina a bangon bulo na yamma, ya ce, "Malam, taɓa nan ka ji." Bangon yana huci kamar tanda. Sai ya kai ni ga tsohuwar katangar ƙasa ta cikin soro, na taɓa na ji ta lafiya lau. Bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban nemi ƙarin bayani ba.

Daga nan sai a zauna da matan gida, domin su ne suka fi kowa sanin aikin da kowane taku na tsakar gida yake yi. Lokacin da muka tashi ƙara sashe a gidanmu, na kawo wa Hajiya zanen da ya cinye kusurwar kudu. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "To, ɗan nan, a ina zan shanya kuɓewa da barkono, kuma ranar suna a ina mata za su zauna?" Na ce, "Hajiya, ai falon zai ɗauki mutum 30." Ta ce, "Falo ba ya ɗaukar turmi." Wannan maganar ce ta sa muka mayar da ginin gefen yamma, inda ya zama garkuwa ga tsakar gida maimakon ya haɗiye ta.

Idan gidan na gado ne, a samu yardar magada a rubuce a gaban shaidu tun ba a zuba tipar yashi ba. Haka kuma a tuna da haƙƙin maƙwabci, musamman idan bene za a ɗora. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin hukunci a kan tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, har wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya tattara hukunce-hukuncen gini irin waɗannan a littafi guda. Tagar da za ta hana matar maƙwabci sakewa a gidanta ba ta da gurbi a zane, komai kyanta.

Mataki na biyu: ƙwararru da takardu

A nemi mai zanen gine-gine mai rajista da hukumar ARCON, da injiniya mai rajista da COREN, sannan a kai zanen hukumar tsara birane ta jiha a samu amincewa kafin a fara haƙa. Aikin farko na injiniya shi ne ya tona gefen tsohon harsashi ya ga zurfinsa da ƙarfinsa. Harsashin da aka yi don ɗaukar bango da kwano ba lallai ne ya ɗauki dakin, wato rufin kankare, da bene ba, kuma birkila, komai gwanintarsa, ba shi ne zai yanke wannan hukuncin ba. A kuma gano inda sokawe da rijiya da bututun ruwa suke, kada a tayar da ɗaki a kansu.

Mataki na uku: tsarin fili

A nan ne gidan Hausa da gidan Gabas suke 'yan uwa na jini. Tsohon gidan Alƙahira ko na Dimashƙa bayansa yake bai wa titi, fuskarsa tana kallon tsakar gida, kuma mashigarsa a lanƙwashe take don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. Wannan shi ne aikin zaure da soro da shigifa a wurinmu. Saboda haka sabon sashe ya kiyaye wannan jerin: wurin baƙi kusa da ƙofa, wurin iyali a ciki, tsakaninsu kuma a samu kwana ko katanga mai tare ido. Kada ƙofar falon baƙi ta yi saiti da ƙofar tsakar gida, kuma a ba falon banɗakinsa da wurin alwala, don kada baƙo ya ratsa cikin gida.

Abin da za a ɗauko daga Yamma a wannan matakin shi ne buɗaɗɗen ɗaki, inda wurin zama da wurin cin abinci suke haɗe ba bango a tsakani. Yana da amfani ga iyali, yana sa ƙaramin fili ya yi faɗi, iska kuma ta ratsa. Amma a tsayar da shi a sashen iyali kaɗai, kuma kada a shigar da kicin cikinsa kamar yadda Turawa ke yi. Girkinmu na daka ne da suya da tuƙin tuwo da tafasar daddawa, kuma mai girki tana son sakewa. Abin da ya fi shi ne ƙaramin kicin na ciki mai ƙofa, wanda ya buɗe zuwa madafa ta waje mai rumfa, inda za a ɗora manyan tukwane ranar taro.

Idan fili ya ba da dama, a shimfiɗa tsawon ginin daga gabas zuwa yamma, ta yadda dogayen bangaye masu tagogi za su kalli arewa da kudu, gajerun kuma su sha ranar safe da ta yamma. A jera sito da banɗaki da matakala a gefen yamma su zama katangar zafi. Alƙibla daga Katsina gabas ce da ta karkata zuwa arewa, kusan digiri 70 daga arewa, don haka a zaunar da masai yadda mai amfani da shi ba zai fuskance ta ko ya ba ta baya ba, a kuma bar bango guda a falo da za a iya yin sahu a gabansa ba tare da an ɗaga kujeru ba.

Tsakanin ɗaki da tsakar gida a saka baranda mai zurfin mita 2 ko fiye. Japanawa suna da irinta da suke kira engawa, wani siririn dandamali da ke zagaye ɗaki, wanda ba ciki ba ne ba kuma waje ba. A Katsina baranda mai zurfi ita ce ɗakin da aka fi zama a cikinsa wata takwas a shekara, nan ake tsifa da kitso da karatun allo da buɗa-baki, don haka a auna ta da mutunci, kada a bar mata ragowar fili.

Mataki na huɗu: ƙashin gini da bango

Ginshiƙi da bim (gadar da ke kan ginshiƙai) da linta (gadar saman ƙofa da taga) na kankare mai rodi su ne babbar kyautar Yamma ga mai gini. Azara, duk da ƙarfinta da yadda gara ba ta cin ta, ba ta haye fiye da kamar mita 2 ba tare da tallafi ba, abin da ya sa magabata suka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun tallafin rufi, don su samu ɗaki mai faɗi. Kankare yana haye mita 5 ko 6 cikin sauƙi idan injiniya ya yi lissafinsa. A bi girman rodin da ya rubuta, kada a sauya mai milimita 16 da mai 12 don a rage kuɗi. A bi ma'aunin haɗin da ya bayar, wanda a ƙananan gidaje yakan kasance siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A kuma shayar da kankare ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a san cewa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi a kansa.

Wurin da tsohon gini ya haɗu da sabo shi ne inda tsagewa ke fara fitowa, domin tsohon ya gama zama, sabon kuwa yanzu zai fara. Kada a ɗinke su da ƙarfi. A bar siririn rata na kamar santimita 2 daga harsashi har rufi, a cike shi da abu mai laushi, a rufe fuskarsa da katako ko ƙarfe, a kuma rufe samansa da kyau don kada ruwa ya bi ta nan. A shimfiɗa leda mai kauri ƙarƙashin daɓe, a zuba maganin gara kafin a rufe.

Shi kuwa abin da za a cike tsakanin ginshiƙai da shi, ina roƙon mai karatu ya sake duban ƙasa da idon mutunci. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe zafin rana sa'o'i da yawa kafin ya sake shi ciki, lokacin da dare ya riga ya yi sanyi. Hasumiyar Gobarau da tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, shaidu ne cewa ƙasa tana daɗewa idan ana kula da ita. Hasan Fathi, mai zanen gine-gine na Masar, ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luksor da tubalin laka a shekarun 1940, yana jayayya da masu ganin ƙasa kayan talaka ce. Kusa da mu ma, a garin Dandaji da ke jihar Tawa a Nijar, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran sun kammala wani aiki a 2018, inda suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da ake matsewa a inji, tare da maginan yankin. Wannan garin Hausawa ne, yanayinsa irin namu ne, kuma abin da aka yi a can haɗin Gabas da Yamma ne a kan tushen gida.

Wanda zai yi amfani da bulon ƙasa matsattse ya sa a gwada ƙasar tukuna, a haɗa ta da siminti kaɗan, a ɗora bangon a kan kankare ko dutse da ya ɗaga aƙalla santimita 45 daga ƙasa, rufi kuma ya yi masa lema. Wanda ya fi natsuwa da bulon siminti ya sa mai inci 9 a duk bangon waje, a gefen yamma kuma ya yi bango biyu da rata a tsakani, ko ya tsayar da katangar ado a gabansa ta sha ranar a madadinsa.

Mataki na biyar: taga, inda aikin yake ci ko ya faɗi

Bature yana buɗe gilashi mai faɗi ne domin rana baƙuwa ce a ƙasarsa, yana marmarin ta. Mu kuwa rana ce ke korar mu. Gilashi yana barin hasken rana ya shiga, ya zama zafi a jikin daɓe da kujeru, sannan ya hana zafin fita. Don haka ƙa'idar taga a Katsina guda ce: a tare rana a waje, kafin ta taɓa gilashi. Labule, komai kaurinsa, a makare yake zuwa, domin zafi ya riga ya shigo ɗaki.

Tagogin arewa da kudu suna da sauƙin karewa da lema ta kankare ko ta kwano a samansu. Katsina tana kan kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka ko a watan Disamba, lokacin da rana ta fi karkata kudu, da tsakar rana tana kan tsayin kusan digiri 53. Ma'anar wannan a aikace ita ce, tagar kudu mai tsayin mita 1.2 lemar da ta fito kamar santimita 90 daga samanta za ta rufe ta da tsakar rana a kowane wata. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan koma ta arewa da mu, shi ya sa tagar arewa ma tana son 'yar lema, ko da ba ta kai wancan zurfin ba. Tagar yamma kuwa lema ba ta yi mata magani, domin ranar la'asar a kwance take zuwa. Ko dai a ƙanƙanta ta a ɗaga ta sama, ko a sa mata raga.

Ragar nan ita ce abin da na fi so a aro daga Gabas. A Alƙahira ana kiran ta mashrabiyya, a tsohon garin Jidda rawashin, a Indiya kuma jali, inda ake sassaƙa ta a dutse, kamar shahararriyar tagar masallacin Sidi Sayyid na Ahmedabad. Aikinta huɗu ne a lokaci guda: tana karya ƙarfin haske, tana barin iska ta wuce, tana bai wa na ciki damar ganin waje ba tare da an gan shi ba, kuma a Masar akan ajiye tulun ruwa a bayanta iska ta sanyaya shi, daidai da yadda randa ke yi a gidajenmu. Gwanayen Alƙahira sukan matse ramukan a daidai tsayin ido, su buɗa su a sama inda ake son haske da fitar iska mai zafi, kuma wannan dabarar ta cancanci a kwaikwaye ta. Turawa ma sun gane darajarta. Le Corbusier ya yi amfani da faifan kankare masu karya rana a gine-ginensa na Chandigarh a Indiya, Maxwell Fry da Jane Drew kuma sun lulluɓe ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan da bango mai huda-huda a shekarun 1950. A birnin Faris, Cibiyar Duniyar Larabawa da aka buɗe a 1987 an yi mata mashrabiyya ta ƙarfe mai buɗewa da rufewa da inji, amma injinan sun sha lalacewa, darasi ga mai son abin da sai da lantarki yake aiki.

A wurinmu taga mai kyau hawa uku ce. A waje raga, wadda idan ta ƙarfe ce mai kauri za ta ɗauke aikin ƙarafan tsaro, a huta da tagar da ke kama da ta kurkuku. A tsakiya wayar sauro da za a iya cirewa a wanke. A ciki gilashi mai rufuwa ruf, saboda ƙurar hunturu. Idan katako ake so, sai busasshe sosai mai tauri irin maɗaci, domin bushewar iskar Janairu tana tsaga ɗanyen katako. Idan ƙarfe ne, a yi masa fenti mai haske a kuma nisanta shi da gilashi kamar tafin hannu, domin shi ma yana ɗaukar zafi. Mafi arha kuma mafi juriya shi ne bulon ado mai huda, wanda masu buga bulo na gari za su iya yi idan an ba su ma'auni. Ramukan su isa a zura buroshi, in ba haka ba cikin hunturu biyu sun toshe. Kuma a sani cewa da dare, idan fitila tana kunne a ciki, al'amarin juyawa yake yi, na waje ne ke ganin na ciki, don haka labule mara nauyi bai zama banza ba.

Zanen ragar kuwa ba sai an kwafo na Maroko ba. Dagi da sauran zanen da ake yi a gaban babbar riga da bangon gidajen sarauta suna zama raga mai kyau idan aka sauƙaƙa layukansu, kuma duk wanda ya gani zai san gidan na ina ne.

Mataki na shida: rufi da numfashin ɗaki

Ta sama mafi yawan zafi yake shigowa. Kwano a kan silin na roba ko na fi-o-fi, ba tare da mafitar iska a tsakani ba, tanda ce aka kife a kan mutane. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya zama ɗan Afirka na farko da ya samu kyautar Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022, ya nuna mafita a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando da ya gina a 2001: rufin tubali a ƙasa, kwano a ɗage a samansa bisa ƙarafa, iska tana ratsa tsakaninsu tana kwashe zafi. Ana iya yin haka a kan dakin, kwanon ya zama lema ga kankare ya kuma zama mazaunin faifan sola. Sai dai a ɗaure shi da ƙarfe a jikin bim sosai, domin guguwar farkon damina ba ta raga wa rufin da aka yi wa sakaci, a kuma toshe ratar da waya saboda tsuntsaye da jemagu.

Yayin ɓoye kwano a bayan rawani, wato gajeren bangon da ke zagaye rufi, yana ba gida fasali mai tsabta, kuma yana tuna wa ido soron gargajiya, amma kwatar da ke ɓoye a bayansa ita ce ke yoyo a gidaje da yawa. Idan za a yi, kwatar ta yi faɗi, ta samu gangara, a kuma fitar da ruwan ta indararo mai tsawo da ido ke gani, wanda idan ya toshe za a sani tun ruwa bai shiga silin ba.

Hasumiyar kama iska, wadda ake kira malƙaf a Masar, badgir a birnin Yazd na Iran, tana burge duk wanda ya gan ta, amma ban ba da shawarar a kwafo ta yadda take ba, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura za ta riƙa zubo wa ɗaki. A ɗauki rabin hikimarta: a ɗaga silin zuwa mita 3.3 ko 3.6, a buɗe ƙananan tagogi masu murfi can kusa da sama, iska mai zafi ta tashi ta fice, mai sanyi ta shigo ta ƙasa daga baranda. Kowane ɗaki ya samu mashiga da mafita a bango biyu daban.

Mataki na bakwai: cikin ɗaki

A bakin ƙofa a saukar da daɓe taku guda ya zama wurin cire takalmi, da ɗan kanta a gefe. Japanawa suna kiran wannan wurin genkan. Mu muna da al'adar, gurbin ne ba mu saba gina mata ba, sai takalma su taru a ƙofa. Haka nan ƙofarsu mai zamewa gefe tana da amfani wurin raba falo biyu ranar da aka yi baƙi maza da mata, a kuma haɗe shi ranar taron dangi. Takardar da suke liƙa mata ba za ta jure yara da ƙura ba, sai a maye gurbinta da gilashi mai hazo, a kuma rataye ƙofar daga sama, domin titin ƙarfe na ƙasa yashi yake cikawa ya ƙi gudu.

Zama a ƙasa ya haɗa mu da Larabawa da Japanawa, don haka a auna falo da darduma kafin a auna shi da kujera. Majalisa mai gajerun katifu a jikin bango, da tum-tum na fata, da kujera biyu masu tsayi saboda dattawa masu ciwon gwiwa, sun fi jerin manyan kushin da ke cinye ɗaki. A gina kabad a cikin bango tun wurin zane, kayan jere da barguna su samu maɓoya. Daɓe kuwa a guji tayil mai sheƙi, musamman kusa da wurin alwala, domin jiƙaƙƙiyar ƙafar tsoho ba ta da riƙo a kansa. Tarazo ko tayil mai kaushi ya fi aminci.

Wajen ado a kame hannu. A zaɓi kayan aiki uku da launi uku a tsaya a kansu, misali jar ƙasa da farin filasta da baƙin ƙarfe, sannan a bar wuri ɗaya tak ya yi magana da ƙarfi: ko baka guda a mashigar falo da magini na gargajiya zai ɗaura, ko bango guda mai zanen Hausa, ko 'yar alkuki mai tayil irin na Fas. Idan baka ta Hausa da ta Andalus da ginshiƙin Rumawa suka haɗu a ɗaki guda, kowanne kashe ɗan uwansa yake yi. Rubutun aya kuma a ɗaga shi sama a wuri mai tsarki, nesa da banɗaki da inda ruwan sama ke wanke bango.

Abin da ya rage na tsakar gida a ba shi bishiya guda mai inuwa, nesa da harsashi da sokawe, da lalle ko lemun tsami a gefen katanga. Maɓuɓɓugar ruwa irin ta gidajen Sham tana sanyaya iska a watannin bazara, amma ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Wanda ba zai iya sa shi gudu kullum ba ya haƙura, ya wadatu da yayyafa wa daɓen tsakar gida ruwa da la'asar.

Mataki na ƙarshe: lokaci da kuɗi

A fara haƙa bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, a yi ƙoƙari rufi ya hau kafin Mayu. Kankaren da aka zuba da hunturu yana saurin bushewa ya tsattsage, don haka a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. A ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafi saboda abin da tona tsohon gini zai fallasa da kuma tashin farashi. Idan kuɗi suka gaza, a jinkirta tayil da fi-o-fi da fitilun ado, waɗanda ake iya yi baɗi. Kada a taɓa kuɗin harsashi da rufi da lemar taga, domin su ba sa gyaruwa daga baya sai da rushe-rushe. Kafin a ba da aikin raga gaba ɗaya, a sa welda ko mai bulo ya yi guda ɗaya, a kafa ta a gurbinta, a zauna a bayanta da hantsi da la'asar da dare, a kuma fita waje a leƙo, sannan a yanke girman ramuka.

Ragowar kuɗin ɗan kwangila kuma a yi yarjejeniya tun farko a rubuce cewa wani kaso zai jira ruwan farko. Ranar da hadari ya sauko, maigida ya ɗauki tocila ya bi mahaɗar tsohon gini da sabo, ya duba ƙarƙashin kowace taga ta gabas, ya tsaya ya ga inda indararo ke zubarwa da hanyar da ruwan ke bi har ya fice ta rariya, ya sa alama da alli a duk inda ya ga danshi, a gyara kafin a yi fenti na ƙarshe.